Mayar da mitar mota daga mai allura zuwa mai lamba: amsa ga mai Golf 2

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Golf 2 ƙirar 1990, da ita nake zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Zariya. Allurar gudu ta daina motsi tun bara. Gejin mai ba ya faɗin gaskiya, ko na cika tanki da ƙyar yake wuce rabi. Na zafi ma kullum yana ƙasa, har kwanaki injin ya tafasa ban sani ba sai da na ga tururi, aka canza mini gasket. Na ga wani bidiyo an cire mitar mota gaba ɗaya an sa mai lamba kamar fuskar waya. Shin zai yiwu a tawa? Me zan saya, kuma akwai haɗari? Sannan uwargida tana da Corolla 2006 shigowar Amurka, mitarta da mil take ƙirga, ita ma ko za a iya sa mata mai lamba ta kilomita?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kiyaye gaba. Idan na fahimce ka, tambayoyi uku ne ka ɗaure a ƙulli ɗaya: ko Golf 2 za ta karɓi mitar lamba, ko mitar lambar za ta raba ka da ƙaryar da geji ke yi maka, da kuma abin da ya dace da motar uwargida. Ta farko amsarta e ce, zai yiwu, na kuma yi wa mutane. Ta biyun ce za mu daɗe a kanta, domin a nan mutane ke zubar da kuɗi.

Geji ɗan saƙo ne. Ba shi ne ke taɓa ruwan injin ba, ba shi ne ke leƙa cikin tanki ba. Akwai sensa can jikin injin ko cikin tanki, akwai waya da ke kawo labari, sannan geji ya nuna maka. Idan sensar ta mutu, ko waya ta ci tsatsa, to ko mitar jirgin sama ka ɗaura ƙaryar nan dai za ta faɗa maka, sai dai yanzu da lambobi masu haske. Ni a wurina ma ƙaryar lamba ta fi ta allura haɗari, saboda mutum in ya ga an rubuta 84 ɓaro-ɓaro ba ya musu da ita. Sau da yawa mai canza mita ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Abin da nake zargi a motarka

Ka ce gejin mai da na zafi duka suna nuna ƙasa da gaskiya. Wannan "duka" ɗin shi ya tsayar da ni. Ba kasafai sensa biyu da ba su haɗa hanya ba, ɗaya a tanki ɗaya a kan injin, suke lalacewa lokaci ɗaya kuma su karkata ɓangare ɗaya ba. Abin da suka haɗa a Golf 2 shi ne wutar da suke ci. Waɗannan geji biyu ba sa shan wutar batir kai-tsaye, domin wutar mota hawa da sauka take yi, daga volt 12 da ɗoriya in an kashe injin zuwa wajen 14 in yana aiki. Sai kamfanin ya sa wani ɗan abu mai ƙafa uku a bayan mitar, a jikin shuɗiyar ledar nan mai layukan tagulla, aikinsa ya tsayar da wutar a volt 10 daidai. Ranar da ya gaji ya koma bayar da 7 ko 8, allurai biyun sai su yi sanyin jiki tare: tanki cike amma allura na tsakiya, injin na ƙuna amma allura na kwance.

Gwajin bai kai minti goma ba in an fito da mitar. A bar soket ɗinta a haɗe, a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a ɗora maltimita, na'urar auna wuta, tsakanin ƙafar da ke fitar da wuta da ƙafar ƙasa, wato ta nagatif. Daga 9.5 zuwa 10.5 lafiya lau ne. In ya fita daga nan, an kama ɓarawo. Kuɗin abin bai kai na litar mai biyu ba a yawancin lokuta, kuma masu gyaran rediyo sun san danginsa. A kula da ledar kawai, ta shekara talatin da wani abu tana shan rana, tana karyewa kamar busasshen ganye. Ban ga motarka ba, don haka zargi ne nake yi ba hukunci ba, amma da a garejina take, nan zan fara dubawa kafin a yi maganar sayen komai.

Allurar gudu kuwa labarinta daban, ba ruwanta da wuta. Kebul ne ke tasowa daga giyabos, yana juyawa cikin rigarsa, ya zo ya juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyam, kofin ya ja allura, siririn sifirin kuma yana mayar da ita baya. Dabara ce tsohuwa, wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista tun 1902. Idan allura ta tsaya kuma lambobin kilomita ma sun tsaya, kusan kullum kebul ne ya tsinke ko ɗan giyar roba da ke ƙasansa ya cinye. Idan allura na aiki lambobi ne suka tsaya, to wani ƙaramin giya ne a cikin mitar ya tsage, cutar da aka san Golf 2 da ita. Gargaɗi ɗaya ga wanda zai zare kebul ɗin: ya ja shi a hankali, domin giyar ƙasan kan suɓuce ta faɗa cikin giyabos, daga nan ƙaramin aiki ya zama babba.

Don haka mai yiwuwa duk abin da ke damunka kebul ne da ɗan abu mai ƙafa uku. Amma ka tambayi maganar lamba, kuma akwai inda lamba ta fi allura nesa ba kusa ba, bari mu shiga.

Abin da mitar ke yi a ɓoye

Bidiyon da ka gani ya nuna maka fuska ne, bai nuna maka bayan fage ba. Mitar asali ba nuni kawai take yi ba, akwai ayyukan da take yi wa mota waɗanda ba a ganewa sai an cire ta.

Na farko fitilar caji, jar alamar batir ɗin nan. Mutane na ɗauka gargaɗi ce kawai. A motocin da ke da altaneta irin ta Bosch, kamar taka, ta wannan layin ne ɗan wutar farko ke bi ta shiga altaneta ta tashe ta, ta wata siririyar shuɗiyar waya. In aka cire mita aka bar wayar nan a sake, injin zai tashi garau, amma altaneta ba za ta fara caji ba sai an taka totur sosai, wani lokaci ma ba za ta fara ba sam. An taɓa jawo mini wata Golf da safe, mai ita ya kwana a hanya. An sa masa sabuwar mita mai lamba kwana biyu kafin nan, ya taso da magariba da fitilu a kunne, batir ya yi ta zuba babu mai mayar masa, har mota ta mutu a daji. Ya riga ya yi cinikin wata altaneta kafin ya iso wurina. Kwan fitila ɗan ƙarami mai wat 2 na haɗa tsakanin wutar makulli da shuɗiyar wayar, maltimita ta tashi daga 12.1 zuwa 14.1 nan take. Abin takaicin ma sabuwar mitar tasa tana nuna volt, ta yi ta faɗa masa 11 da wani abu tun daga Kwanar Ɗangora, bai san ma'anar lambar ba.

Na biyu gargaɗin bakin mai. Golf 2 tana da makunnin mai guda biyu, ɗaya na kama matsi in ya faɗi ƙasa da wajen bar 0.3 (bar ma'aunin matsi ne), ɗaya kuma, a injin fetur, yana duba ko matsin ya kai bar 1.8 da zarar injin ya haura juyi 2000 a minti. In bai kai ba sai ƙararrawa ta yi kuka. Ƙwaƙwalwar da ke wannan lissafi a cikin mitar take. Na san da yawa daga cikin Golf ɗinmu an daɗe da toshe bakin ƙararrawar don tana damun direba, wanda shi ma gyaran gangar Auzinawa ne, amma in taka na aiki, cire mita zai tafi da ita.

Sai ƙananan fitilu: sigina, babbar fitila, birkin hannu. Duk wanda zai cire mita dole ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya ya ba kowace gurbi.

A motocin da suka biyo baya abin ya fi haka tsanani. A yawancin Golf 4 na'urar tantance makulli a cikin mitar take, ka cire ta mota ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Peugeot 307 mitarta hira take yi da akwatin kwamfutar motar da ake kira BSI, kilomita ma a wuri biyu ake ajiye ta. Irin waɗannan ba aikin almakashi da tef ba ne, aikin masu kwamfuta ne, ni kaina tura su nake yi. Sa'arka ita ce Golf 2 ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan.

Hanyoyin da ke gabanka

Akwai mitar lamba ta asali da aka yi wa Golf 2 tun a shekarun 1980, ana kiranta Digifiz, kamfanin VDO ya ƙera ta, aka sa a wasu Golf ƙirar GTI. Na ambace ta ne don kada wani ya ba ka labari. Ba ta da yawa, masu tara tsofaffin motoci a Turai sun sa ta yi tsada, kuma sai an dace da irin injin da wayarin. Ga motar da ke neman abinci tsakanin Funtuwa da Zariya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kamfanoni irin su Dakota Digital a Amurka suna yin mita mai kyau da ke zama daram a gurbin ta asali, amma yawanci don tsofaffin motocin Amurka suke yi.

Abin da ya rage shi ne mitar gama-gari, wadda ake cewa ta dace da kowace mota, ko kuma ƙananan geji masu zagaye, masu faɗin milimita 52, da ake ƙarawa a gefe a bar mitar asali a wurinta. Ni na biyun nake ba mutane shawara, kuma ba duka ba, guda uku: zafin ruwa, volt, da matsin bakin mai. Su ne ke kashe injin ko su kwanar da mutum a hanya.

Ko kamfanonin mota sai da suka yi wannan karatun. Aston Martin Lagonda ta fito da mitar lamba a 1976, Corvette ta 1984 ta mayar da komai sikirin, amma a 1990 sai ta dawo da allura ga juyin injin da ƙananan geji, ta bar gudu kawai a lamba. Dalili shi ne allura da gefen ido ake karanta ta, kana kallon hanya ka san ta wuce inda ta saba tsayawa. Lamba kuwa sai ka kalle ta, ka karanta, ka tuna ko 104 da yawa ne ko daidai. Saboda haka duk gejin lambar da za ka saya, ka nemi mai ƙararrawa ko mai canza launi in an wuce iyaka. Wanda ba shi da wannan ado ne kawai.

Gejin zafi

Shi ne ya ci maka gasket, don haka shi ne kan gaba. Doka ta farko: kowane geji da sensarsa. Sensar zafi wani ɗan abu ne da ƙarfin tare wutarsa ke raguwa in ya yi zafi, kuma kowane kamfani da ma'auninsa. In ka haɗa sabon geji da tsohuwar sensar Volkswagen, lamba za ta fito, amma ba ta gaskiya ba. Ka yi amfani da wadda ta zo cikin kwali.

Kafin a ɗaura, a gwada. Ni butar shayi nake ɗorawa a kan risho, in haɗa gejin da batir a kan benci, in saƙala sensar cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindin butar ba. In ruwa ya tafasa, a tudu irin na Kano ko Zariya ya kamata ka ga 98 ko kusa da haka, ba 100 ba, saboda mun ɗara teku tsawo. In ka ga 90 ko 106, mayar wa mai kaya abinsa tun kwalin bai yage ba. Na sha gwada guda uku daga kwali ɗaya kowanne da abin da yake faɗa.

Wurin ɗaurawa shi ne inda ruwa ke fitowa daga kan injin zuwa lagireto. Ana sayar da wani guntun bututun alminiyam da ake yanka tiyon sama a sa shi a tsakani, sensar ta shiga jikinsa. A nan ake yawan yin kuskure: sensa mai waya ɗaya ta jikinta take komawa ƙasa, bututun kuwa roba ce ta riƙe shi gaba da baya, don haka sai an ja masa wayar ƙasa zuwa jikin injin. In ba a yi ba, geji ya tsaya a ƙasa ko ya yi ta rawa. Kuma a juya sensar ta kalli gefe ko ƙasa yadda za ta nutse cikin ruwa, kada ta zauna a sama inda iska ke taruwa.

Me za ka gani in komai lafiya? Tamostat ɗin Golf 2 na buɗewa wajen digiri 87, fanka kuma na tashi wajen 95. Don haka 88 zuwa 97 gida ne, a cunkoso ya ɗan haura, fanka ta tashi ya sauko. Ka sa ƙararrawa wajen 105. In ka ga mota na tafiya a 65 ko 70 a kan babbar hanya, kada ka yi murna, alama ce an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma injin da ba ya kai zafinsa mai yake sha, yana kuma cin kansa a hankali.

Akwai iyakar da ko geji mafi tsada ba ya wucewa. Sensa zafin ruwa take ji. Idan tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, sai ta koma jin iska, lamba ta iya sauka alhali injin na ƙonewa. In kana tafiya ka ga zafi ya hau sannan ya faɗo haka kawai ba dalili, tsaya ka duba. Buɗe bonet da safe ba shi da madadi.

Bakin mai, volt da juyin injin

Gejin volt shi ne mafi sauƙi, waya biyu. Batir mai lafiya da ya huta 12.6, injin na aiki 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da 13 da injin a kunne ba caji, sama da 15 altaneta na dafa batir. A ɗauki wutarsa daga layin makulli ta fiyus, kada a ɗauka daga wayar da fanka ko rediyo ke ja.

Na bakin mai yana son natsuwa. Abin da ke jikin injin yanzu makunni ne, ko a kunne ko a kashe, geji kuwa sensa yake so mai auna matsi. Ramin Volkswagen tiredinsa M10x1 ne, na motocin Japan irin su Toyota 1/8 BSPT, yawancin gejin kasuwa kuma da 1/8 NPT na Amurka suke zuwa. A ido kamar ɗaya suke, har za su shiga zagaye biyu ko uku, daga nan in aka matsa da ƙarfi a ɓata ramin. A nemi adafta. Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan ina sabon hannu: na sa mahaɗa mai baki uku ta tagulla don in bar makunni da sensa tare, na rataya mata sensa mai nauyi a jikin injin. Girgiza ta yi ta aiki har wata uku, rannan ta karye daga wuya, mai ya tsiyaye a titi. Allah ya taimaka direban ya ga jar fitila ya kashe injin. Tun daga ranar, da ɗan tiyon matsi nake janye sensar in ɗaure ta a jikin bodi. Kuma ka lura, fitilar asali da na bari ce ta ceci injin, ba sabon gejin ba.

Juyin injin, in kana so, daga ƙafar kwayil mai lamba 1 ake ɗauka, a saita gejin a silinda 4. Mai dizal kuma daga ƙafar W ta altaneta. In lamba na tsalle, yawanci wayar ce aka bi da ita kusa da wayoyin fulogi.

Mai da gudu, in ka dage sai an canza duka

Gejin mai shi ne ya fi ba da wahala a mitar gama-gari. Fulot ɗin tanki yana magana da om, wato ma'aunin ƙarfin tare wuta, kuma yaren ya bambanta: akwai wanda ke ba da 240 in babu mai, 33 in an cika, akwai 0 zuwa 90 na tsofaffin motocin GM, akwai 10 zuwa 180 na VDO, tsofaffin Toyota kuma wajen 110 zuwa 3. Ka ga wasu hawa suke yi wasu sauka. In aka haɗa da wanda bai dace ba, sai ka cika tanki mita ta ce babu mai. A fito da fulot ɗinka, a ɗora maltimita, a ɗaga hannunsa sama a rubuta, a sauke ƙasa a rubuta, a kuma motsa shi a hankali a ga ko lamba na yankewa a tsakiya. Sannan a sayi mitar da ake iya koya mata ma'auni. Tankin Golf 2 lita 55 ne kuma ba murabba'i ba ne, don haka rabin tafiyar fulot ba lallai rabin mai ba ne. Mai son daidai sai ya zuba lita biyar-biyar yana saitawa. Aikin fulot a yi shi a fili, an cire kan batir, babu mai sigari kusa. Kuma mitar mai arha ba ta jira mai ya natsu, kowane rami sai lamba ta canza, abin da allurar asali mai nauyin jiki ba ta yi.

Gudu hanya biyu ne. Ko a ɗaura sensa a inda kebul ke fita, tana aika bugu ana ƙirgawa, ko a yi amfani da GPS. Ta GPS ba ta son komai sai wuta da sararin sama, ba ruwanta da girman taya. Aibinta takan ɗan jima kafin ta kama da safe, tana ɗaukewa a ƙarƙashin rufi, kuma tafiyar da aka yi kafin ta kama ba ta shiga lissafin kilomita. Kada ka yi mamaki in ta nuna ƙasa da abin da ka saba gani. Ƙa'idar Turai ta hana mitar mota nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ta ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, shi ya sa kamfanoni ke sa ta ɗan yi ƙari. Taya ma na canza lissafi: daga 185/65 R14 zuwa 195/65 R15 bambancin ya haura kashi 6 cikin ɗari.

Ranar da za a cire tsohuwar mita, ka ɗauki hoton kilomitarta, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye tare da takardun mota, ita ma mitar ka adana ta. Sabuwa daga sifili za ta fara, kuma ranar sayarwa hakkin mai saye ne ya san gaskiyar tafiyar da motar ta yi.

Sai rana. Kayan lantarkin da aka yi don mota ana gwada su har digiri 85 ko fiye, na kasuwa da yawa iyakarsu 70, kuma saman dashbod ɗin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu yana iya kaiwa can. Sikirin mai arha yakan yi baƙi, ko ya dushe da tsakar rana har ba ka ganin komai, da dare kuma ya kashe maka ido in ba a haɗa wayar rage haske da layin ƙananan fitilu ba. A sa geji a ƙasa cikin inuwa, wajen rediyo.

Motar uwargida

Ita kam kada a taɓa mitarta. A irin wannan Corolla, labarin gudu ta cikin mita yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwar injin, in aka cire ta fitilar injin za ta kama, giya mai canza kanta kuma ta rikice. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma ba a bukata. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai kuma daga 2001 ga fetur, 2004 ga dizal. Akwai ɗan sikirin da ake soka wa a nan, ya nuna gudu da kilomita, zafin ruwa da digiri, volt da juyin injin, ba a yanka waya ko ɗaya ba. Ko kuma a sayi 'yar na'urar da ake kira ELM327 mai Bluetooth, a soka ta a soket ɗin, a haɗa da manhaja irin Torque ko Car Scanner a waya. Matsin bakin mai ne kawai ba zai nuna ba, domin motar makunni gare ta ba sensa ba.

A nan ne lamba ke da riba ta gaske, saboda allurar zafi ta motocin zamani an horar da ita ta zauna a tsakiya cikin faɗin digiri masu yawa don kada hankalin direba ya tashi, sai abu ya yi nisa take motsawa. Lamba kuwa tana nuna hawan tun yana ɗanye.

Abu biyu ta kiyaye. Ƙafa ta 16 a soket ɗin wuta gare ta ko an zare makulli, don haka in mota za ta kwana biyu ba a tayar ba a cire na'urar, musamman mai arha da ba ta barci. Sannan jimillar tafiyar da ke cikin mitar za ta ci gaba da zama a mil, a ninka da 1.6 a samu kilomita, mil 60 a awa kuma kusan kilomita 97 ne. In ta duba da kyau ma akwai ƙananan lambobin kilomita a cikin da'irar mitar.

Farashi ban sa ba, domin kafin ka karanta wannan ya canza, ka taya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka kwatanta. Ga taka motar, ka sa a auna ɗan abu mai ƙafa ukun nan, a duba kebul, a auna fulot sama da ƙasa. In an gyara waɗannan allurai sun dawo hayyacinsu, sai a ƙara gejin zafi mai ƙararrawa da na volt, na bakin mai ya biyo baya in aljihu ya sarara. Rewayan da zai yi aikin ya sa fiyus na amfiya 3 ko 5 a layin, ya yi soda a kowace mahaɗa maimakon murɗe waya da tef, ya kuma tara wayoyin ƙasa wuri ɗaya a ƙarfe mai tsabta. In ka samu lambobin nan uku, volt ɗin bayan mita da om biyu na fulot, ka aiko mini, daga su zan iya faɗa maka irin gejin da zai yi magana da tankinka.